Daga farauta zuwa noma

Kowace safiya muna shan fura ko koko, da dare kuma mu ci tuwo. Duk daga gona suke fitowa. To, ko kun san an yi wani zamani da babu gona ko ɗaya a duniya?

1. Zamanin farauta da tsince-tsince

Mutanen farko ba su noma, ba su kiwo. Maza da mata da yara suna yawo cikin daji, ƙungiya-ƙungiya. Suna farautar namun daji, suna kamun kifi, suna tsintar ƴaƴan itace, suna tonon saiwoyi, suna ɗibar zuma. Ba su san ƙarfe ba. Da dutse da ƙashi da itace suke yin wuƙa da mashi da kibiya. Idan abinci ya ƙare a wuri, sai su tashi su yi gaba. Haka ɗan Adam ya rayu shekaru dubbai masu yawa.

2. Lokacin da Tenere take kore

Yau Tenere rairayi ce iyakar ganin ido. Amma shekaru 10.000 da suka wuce, ruwan sama yana zuba sosai cikin Sahara. Akwai tafkuna da gulabe da ciyawa.

Yaya aka sani? A shekarar 2000, masu bincike sun gano wani wuri mai suna Gobero cikin jihar Agadas. Sun tarar da kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Sun samu ƙasusuwan manyan kifaye da na kada da na dorina, da masun kamun kifi na ƙashi. A Dabus kuma, arewa da Agadas, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse. Babban ya fi mita 5 tsawo. Wanda ya yi wannan zane da idonsa ya ga dabbar.

3. Yadda noma ya soma

Ba mutum guda ba ne ya ƙago noma, kuma ba rana guda aka yi shi ba. Masu tsintar tsabar ciyawa sun lura da abu guda: inda tsaba ta zube, nan take tsira idan ruwa ya sauka. Sai suka soma ajiye kaɗan, suna watsawa kusa da zangonsu.

Ku tuna da shibra da ke fitowa cikin gonar hatsi. Da ta nuna, sai tsabarta ta kakkaɓe ƙasa. Haka hatsin daji yake. Amma jefi-jefi akan samu zangarniyar da ke riƙe tsabarta. Ita ce mutane suke samu su yanka su kai gida, daga cikinta kuma suke fid da iri. Bana a zaɓa, baɗi a zaɓa, har shekaru ɗaruruwa. A hankali tsaba ta ƙara girma, ta daina zubewa. Ciyawar daji ta zama hatsi.

An yi irin wannan aiki a wurare dabam-dabam:
– A Gabas ta Tsakiya, wajen Iraƙi da Siriya da Turkiyya na yau, an soma noman alkama da sha'ir fiye da shekaru 10.000 da suka wuce. Can ne kuma aka fara kiwon awaki da tumaki.
– A Sin an soma noman shinkafa.
– A Meksiko an soma noman masara, wajen shekaru 9.000 da suka wuce.
– A gabashin Sudan ana noman dawa tun shekaru 5.000 da suka wuce.
– A arewacin Mali, cikin kwarin Tilemsi, an samu alamun hatsin noma na wajen shekaru 4.500 a jikin fasassun tukwane.

A Sahara kiwo ya riga noma. Mutane sun daɗe suna kiwon shanu kafin su yi gona. Da ruwan sama ya ragu, tafkuna suka ƙafe, sai suka gangaro kudu da dabbobinsu. Hatsi ya yi masu rana, domin yana jure fari da ƙasa mai rairayi. Ke nan hatsi ba baƙo ba ne wurinmu: ɗan Sahel ne.

4. Abin da noma ya sake

Wanda ya yi shuka ba ya tafiya ya bar gonarsa. Sai ya yi noma, ya kori tsuntsaye, ya jira kaka. Don haka mutane suka zauna wuri guda, suka gina ɗakuna. Suka yi rumbu don ajiya, suka yawaita dutsen niƙa da tukwane. Abinci ya ƙaru, jama'a ta ƙaru, zango ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari. Da aka samu rarar abinci, wasu suka koma ginin tukwane, wasu saƙa, wasu fatauci.

Amma noma ya zo da nasa wahalhalu. Maharbi yana da abinci iri-iri a daji, manomi kuwa ya dogara ga damina. Idan ruwa ya ɗauke, ko fara ta sauka, sai yunwa. Kakanninmu sun ga haka a farin 1973 da na 1984. A irin waɗannan shekaru mutane sukan koma tsince-tsince, su ci anza da ƙarangiya. Shi ya sa manomin kirki, kome tsananin yunwa, yake ƙoƙari kada ya taɓa irinsa. Wanda ya cinye iri ya cinye baɗi.

Mu riƙe

Mutanen farko mafarauta ne masu yawo. A hankali suka koyi kiwo da noma, suka zauna wuri guda. Hatsi da dawa a Afirka aka fara nomansu. Irin da ke cikin rumbunmu gado ne na shekaru dubbai.

Da faransanci

farauta: la chasse
tsince-tsince: la cueillette
kiwo: l'élevage
noma: l'agriculture
iri: la semence

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen farko ba su zama wuri guda?
2. Waɗanne abubuwa aka samu a Gobero? Me suke nuna mana?
3. Mene ne bambancin hatsin daji da hatsin gona?
4. Faɗi amfani biyu da wahala guda da noma ya kawo.

Aiki

Ku tambayi wani dattijo ko wata tsohuwa yadda ake zaɓen iri da yadda ake ajiye shi a garinku. Ku rubuta amsar cikin jimla biyar, ku karanta wa ƴan ajinku.