Masu Tsaron Jikinka

Mai karatu, ka taɓa saran ƙafarka da hauya a gona? Jini ya zuba, ya tsaya. Kashegari wurin ya kumbura, ya yi zafi. Bayan kwanaki sai ga sabuwar fata. Wa ya yi wannan aiki?

A cikin jininka akwai fararen ƙwayoyi, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu. Cikin ɓargo ake yinsu. Su ne masu tsaron jikinka. Sa'ad da fata ta tsage, ƙwayoyin cuta sukan shiga. Nan da nan jini ya ƙaru a wurin, masu tsaro su taru su haɗiye abokan gaba. Dalilin kumburi da zafi ke nan. Mugunya kuwa gawawwakin yaƙin ne. Kaluluwar da ke fito maka a matsematsi sansaninsu ce, kada a yi mata sakiya.

Bayan yaƙi sai gyara. Waɗansu masu tsaro sukan kwashe mataccen nama, su kira masu saƙa sabon nama, su kuma tsai da faɗan. In datti ya zauna cikin rauni, faɗan ba ya ƙarewa, gyara ba ya samuwa, sai ya zama gyambo. Saboda haka ka wanke rauni da sabulu da tafasasshen ruwa wanda ya huce, ka rufe da tsumma mai tsabta. Kada ka sa ƙasa ko kashin shanu. In kumburi yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya kama ka, je likita ran nan.

Masu tsaron nan ba su mantuwa. Yaron da ya yi dusa sau ɗaya ba ya sake yi, gama sun rigaya sun san ta. Allurar rigakafi tana nuna musu abokin gaba tun bai zo ba. Da rigakafi aka kashe agana, har a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Kai ɗanka allurar dusa da ya cika wata 9.

Mayaƙi da yunwa ba ya yaƙi. Uwa ta ba jariri dakashi, gama kariyarta tana ciki. Yara su sami wake, gujiya, ƙwai, nono da zogale.

Tambayoyi:
1. Mene ne mugunya?
2. Don me ba a sa ƙasa a rauni?
3. An yi wa dukan ƴaƴanka rigakafi?