Darasi: Tsara Littafin Jagora na Kwafar Bayanai Tsakanin Na'urori

'Yan uwa mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi masu shigar da bayanai a waya, musamman ma'aikatan lafiya. A ce ma'aikaciyar rigakafi tana wani ƙauye a Ajingi inda babu sabis. Ta shigar da sunayen yara a wayarta, sai da ta iso Gaya wayar ta haɗu da babban rumbun bayanai. To, yaya na'urorin biyu za su daidaita ba tare da an ninka suna ko an zubar da wani ba?

Akwai ƙa'idar da suke bi. Manhajar CouchDB, wadda Damien Katz ya fara a 2005, ta yi suna a wannan fanni, har ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta yi aiki da ita lokacin Ebola a 2014. Da farko a tabbatar rumbunan biyu suna nan. Sai a duba alamar inda aka tsaya a kwafar baya, a nemi abin da ya canza tun daga nan, a tura abin da ɗayan bai da shi kaɗai, sannan a sa sabuwar alama. Ko sabis ya yanke, daga alamar za a ɗora.

Ƙa'idar ba ta da wuya, rubuta ta ne ake ɓatawa. Wani zai jera umarni bisa haruffa kamar ƙamus, alhali mai karatu so take ta san me ke biye da me. A ganina jagora ta bi aikin daki-daki. Ma'anar kalmomi ta zo a farko, kuma kalma ɗaya ga abu ɗaya. Kada a ce "kwafi" a shafi na 2, a ce "daidaitawa" a shafi na 9. Matsalar kowane mataki a rubuta ta a ƙarƙashinsa, kar a jibge su can ƙarshe inda ba mai leƙawa.

Babin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na saɓani. Idan mutum biyu suka gyara bayanin yaro ɗaya, CouchDB tana ajiye gyaran duka biyu, ta nuna ɗaya, ba don shi ne daidai ba. Dole jagora ta faɗi wa zai duba ya zaɓa, kuma yaushe. In ba haka ba, yaron da ba a yi wa allura ba zai iya fitowa cikin waɗanda aka yi wa.