Gane Tabon Hanta Ta Hanyar Jini: Darasi Ga Asibitocin Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Ƙwayar ciwon hanta nau'in C, wadda aka gano a 1989, takan shafe shekara ashirin ko talatin tana yi mata rauni a ɓoye, duk inda raunin ya warke kuwa sai ya bar tabo. In tabo ya yi yawa sai hanta ta taurare, ruwa ya taru a ciki, aman jini ko sankara su biyo baya. Ga mai ɗauke da ƙwayar HIV abin ya fi sauri, domin garkuwar jikinsa ta riga ta raunana. Cututtukan biyu duka suna bin jini: allurar da aka maimaita, askar wanzamin da ba a tafasa ba, jinin da aka ƙara ba tare da gwaji ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.1 cikin ɗari na manya a Nijeriya suna da alamar nau'in C a jininsu.

A da, likita ba ya sanin yawan tabon sai ya soka allura tsakanin haƙarƙari ya ciro ɗan guntun hanta, wanda bai wuce kashi 1 cikin 50,000 nata ba. Akwai kuma na'urar FibroScan mai auna taurin hanta daga waje, sai dai irin waɗannan ayyuka na manyan asibitocin koyarwa ne. Mutumin Sabuwa ko Faskari, kafin ya isa Katsina ko Shika ta Zariya, sai ya tanadi kuɗin mota, ya kuma yi lissafin 'yan bindiga a kan hanya. Duk wanda ya tuna sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya san ba a tura majiyyaci tafiya a wannan yanki babu dalili.

To, a nan ne lissafi ya yi rana. Idan hanta ta ji rauni, sinadarai biyu, AST da ALT, sukan zubo cikin jini. Idan kuma ta taurare, jini yakan taru a saifa, ita kuwa ta riƙe ƙwayoyin nan masu tsayar da zubar jini, waɗanda likitoci ke kira filetilet, sai yawansu ya ragu daga 150 zuwa 400 da aka saba gani. Daga waɗannan aka gina ma'aunin APRI a 2003 a Amurka. A 2006 kuma Richard Sterling da abokan aikinsa suka fito da FIB-4 daga bayanan majiyyata masu cututtukan biyu a haɗe, wato tun asali dominsu aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da duka biyun a 2014 ga ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki.

Ga yadda ake fitar da FIB-4. A ninka shekarun mutum da AST. Sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ALT, a ninka ta da filetilet. Sai a raba sakamakon farko da na biyu. Alal misali, mai shekara 45, AST 80, ALT 64, filetilet 120: a raba 3,600 da 960, a sami 3.75. Abin da ya gaza 1.45 yana nuna da wuya a ce tabo ya yi nisa. Abin da ya haura 3.25 yana nuna ya yi nisa. Tsakanin nan ma'aunin ba ya yanke hukunci, kuma majiyyata da dama a nan suke faɗawa.

Amma fa mai karatu ya lura, ba a ƙasar sauro aka ƙirƙiro ma'aunin ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da filetilet ƙwarai. A ɗauki mai shekara 35, AST 40, ALT 49, filetilet 250, makinsa 0.8. In zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina, filetilet ya sauko 60, AST ya hau 60, makin zai koma 5, alhali hantarsa ba ta sauya ba. Ita kanta HIV tana rage filetilet, maganin tarin fuka da barasa da wasu jiƙe-jiƙe kuma suna ɗaga AST. A ganina babban kuskure ne a yanke wa mutum hukunci da jinin da aka ɗiba yana cikin zazzaɓi. A bari ya warke, a sake gwaji bayan 'yan makonni.

Tun daga 2013, da aka fito da sofosbuvir, nau'in C ya zama ciwon da ake warkewa, fiye da mutum 95 cikin 100, har da masu HIV. Ana ba kowa magani, da mai tabo da marar tabo, amma makin ne ke nuna hanya. Mai ƙaramin maki zai sha sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 a kusa da gida. Wanda hantarsa ta taurare yana iya bukatar mako 24, da hoton ciki duk wata shida domin farautar sankara ko bayan ƙwayar ta ɓace, kuma shi ne ya cancanci takardar turawa zuwa Katsina ko Shika.