Yadda Ake Haɗa Ajin Turanci Da Kwasa-kwasan Jami'a A Amurka

Ɗalibin da ya gama sakandare da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa yana iya zama gwanin lissafi da kimiyya, amma Turancinsa bai kai abin da jami'ar Amurka ke nema ba. Jami'o'i da yawa suna son maki 6.0 ko 6.5 a IELTS, ko kwatankwacinsa a TOEFL. Wanda ya gaza da kaɗan akan ba shi gurbi bisa sharaɗi, a tura shi cibiyar koyon Turanci ta jami'ar. Cibiyoyin nan sun daɗe, ta Jami'ar Michigan tun 1941 take aiki. Abin da nake goyon baya shi ne matakin tsakiya, inda ɗalibi bai bar ajin Turanci ba amma aka yarje masa ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu tare da 'yan digiri. A ganina babu hanyar da ta fi ta, in dai an iya zaɓe.

Farkon ba wuya. Da isarka za a gwada ka a sa ka ajin da ya dace, ka yi ta hawa har na ƙarshe ko na kusa da shi, sannan malamai su sa hannu cewa ka isa. Kafin rajista ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin bizar F-1 tana da ƙa'idar cikakken karatu: awa 18 a mako ga mai koyon harshe, kiredit 12 ga ɗan digirin farko. Mai haɗa biyun, ofishin ne zai lissafa masa.

Wajen zaɓen kwas ne ake yin tuntuɓe. Kwas mai kiredit 3 yana nufin awa 3 a aji da kimanin 6 na nazari a ɗaki kowane mako, kuma da ɗan ƙasa aka yi wannan awon, naka ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka takardar tsarin kwas da malami ke rabawa ranar farko ita ce abar dubawa, kar sunan kwas ya ruɗe ka. Shafi nawa ake karantawa a mako? Makin daga jarrabawa yake zuwa, ko daga dogon rubutu da muhawara a aji? Tarihi da falsafa da nazarin zamantakewa suna cin shafuka, alhali lissafi da kwamfuta suna da alamomin da ka riga ka sani tun gida. Gogaggun malaman cibiya, mutanen da ba a cika yaba musu ba, sukan wuce nan: sun san farfesan da ke zuba magana ba numfashi, sun san wanda ke saka bayanan laccarsa a intanet, sun san ajin da ɗalibai suka cika zaure da wanda malami zai san sunanka. Ka tambaye su. Sannan ka gwada kanka: bayan lacca ta farko da ta biyu, rufe littafi ka rubuta abin da ka fahimta. In ba ka iya cika rabin shafi ba, ka sauya kwas a cikin mako ɗaya ko biyu da ake bayarwa. Bayan wa'adin, janyewa tana barin tabo a takardar sakamako, makin da ka ci kuwa yana nan har ka kammala, kuma matsakaicin makin da ya faɗi ƙasa da 2.0 cikin 4.0 gargaɗi yake jawowa.

Wasu za su ce ai gara a gama Turancin tukuna. Amma malamin harshe yana sassauta murya, yana maimaitawa, yana jiranka. Farfesa ba ya yin ko ɗaya, kuma ba a koyon iyo a tudu. Wanda ya fara jin wannan gudu da kwas ɗaya ya fi wanda zai gamu da shi da kwas huɗu a rana guda. Wasu kuma su ce zaɓen lissafi gudun Turanci ne. Ba haka ba ne, domin tambayoyin jarrabawa da rahoton ɗakin gwaji da aikin rukuni duk da Turanci ake yin su, nauyin ne kawai aka daidaita.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma tana da tushe. Kamfanoni irin su INTO, wanda ya haɗa gwiwa da Jami'ar Jihar Oregon a 2008, da Navitas da Kaplan, sun mai da wannan mataki kasuwa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wannan dalili ne na yin bincike kafin biya. Ka nemi a rubuta maka ko kiredit ɗin zai shiga lissafin digirinka, ka kuma tambaya ko da 'yan ƙasa za ka zauna ko ajin baƙi zalla za a ware muku. In an kasa amsa ta farko a rubuce, kada ka biya.