Ƙibar Yaro da Awon Igiya

Ya ƴan'uwa Musulmi, ƴaƴanmu amana ce a wuyanmu. Mun saba ɗaukar ƙibar yaro alamar lafiya, alhali sikeli ba ya rarrabe kitse da tsoka. Kitsen ciki ya fi haɗari, domin yana jawo ciwon suga da hawan jini. Yaron da ya kai shekara 5, mu auna tsawonsa da igiya, mu raba ta biyu, mu zagaya cikinsa da rabi ɗaya, dab da cibiya. Idan igiyar ba ta haɗu ba, kitse ya yi yawa: mu kai shi ga likita, mu rage masa kayan zaƙi. Addininmu ya hana wuce iyaka wajen ci da sha. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.