Amsoshin Tambayoyinku: Ramin Da Bai Wuce Kafaɗata Ba Zai Iya Kashe Ni?

Tambaya: Ni lebura ne, muna haƙa ramukan sokawe da na shimfiɗa bututun ruwa. Injiniya ya ce sai mun tokare bangon rami da katako, alhali zurfinsa bai wuce kafaɗata ba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Injiniyan nan yana da gaskiya. Ba sai ƙasa ta rufe kan mutum take kashe shi ba, nauyinta kaɗai ya isa. Ƙasar da ta kai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan kai tan 1.5, wato nauyin buhun siminti 30. Idan ta zabtaro ta danne ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar sai ta ƙara matse shi, har ya kasa jawo wani, ko da kansa yana waje. Wanda aka ciro da rai ma a garzaya da shi asibiti, domin naman jikin da ya daɗe a danne yana sakin guba cikin jini, ta lalata ƙoda.

Ruftawa kuma ba ta sallama. Cikin ƙiftawar ido take aukuwa, babu damar gudu. A Amurka, inda ake da tsauraran dokoki, ma'aikata 39 suka rasu a irin waɗannan ramuka a 2022. Dokar hukumarsu ta kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta ce ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita 1.5, dole a kare bangonsa sai dai in dutse ne zalla. Naka kuwa ya kusa kai hakan.

Kariyar iri biyu ce a sauƙaƙe: ko a tokare bangon da katako mai ƙwari ko ƙarfe, ko a buɗe bakin ramin ya fi gindinsa faɗi sosai, musamman a jigawa. Ƙasar da kuka kwaso da shebur kada ku tara ta a bakin rami, ku matsar da ita aƙalla ƙafa 2. Tifa da katafila su yi nesa, saboda nauyinsu da girgizarsu suna kwance ƙasa. Tsani ya kasance kusa, kuma a bar mutum ɗaya a sama yana lura.

Da damina a ƙara hattara. Bangon da ya tsaya ƙyam jiya, ruwan dare ɗaya yana iya jiƙa shi ya saki. In ka ga tsagewa a gefe, ko ruwa na tsattsafowa, ko ɓarɓashi na zubowa, fito nan take. In kuwa ƙasa ta rufta da wani, kada a yi rububin faɗawa ciki, bangon yakan sake zubowa kan masu ceto. A kira 'yan kwana-kwana, a tokare gefe tukuna, sannan a tono shi da hannu da shebur, ba da katafila ba.