Tambaya da Amsa: Makaho Zai Iya Gyara Sautin Tsofaffin Kaset da Kwamfuta?

Tambaya

Ni makaho ne, na rasa ganina ina ɗan shekara 11, yanzu kuma ina koyarwa a makarantar firamare. Ina aiki da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta mini abin da ke kan allo. Mahaifina ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mana kwali cike da kaset-kaset, sun kai 80, na karatun da yake bayarwa a zaure tsakanin Magariba da Isha'i. Wasu muryar ta dushe, wasu akwai ƙugi a ƙarƙashinta, wasu kuma sai "shiii" kamar ana yayyafi a kan kwano. Wani abokina ya saka mini wata manhajar gyaran sauti mai tsada, amma da na buɗe ta sai mai karanta allon ya yi tsit, in ma ya yi magana sai ya ce maɓalli, maɓalli, babu suna. Abokin nawa ya ce aikin nan sai mai ido, domin sai an ga hoton sautin ake gyara shi. Gaskiya ne? Idan ba haka ba ne, da me zan fara?

Mai karatu daga Funtuwa

Amsa

Allah ya jiƙan Malam mahaifinka, ya sa karatun da ya bayar ya zame masa haske a kabari. Abokinka ya faɗi gaskiya a ɓangare ɗaya kacal, kuma zan nuna maka wurin. Sauran aikin duk na kunne ne da haƙuri, kana kuma iya yin kusan dukkansa da kanka.

Bari mu fara da dalilin shirun da ka ji, domin kada ka ɗauka gazawarka ce. Mai karanta allo ba kallon allon yake yi ba. Tambayar manhaja yake yi ta wata hanya da Windows ya tanada: wannan abin mene ne sunansa, maɓalli ne ko akwatin rubutu, a kunne yake ko a kashe? Idan masu manhajar sun yi amfani da maɓallan Windows na yau da kullum, amsa tana zuwa. To amma da yawa daga masu ƙera manhajojin sauti sun fi son su zana nasu maɓallan su yi kama da na'urar situdiyo, da abin murɗawa da allura mai rawa. Wannan zane a wurin mai karanta allo hoto ne kawai, ba shi da suna. Ƙofar ce aka gina babu mariƙi. Abin ya fara sauyawa: a 2021 JUCE, wanda shi ne ginshiƙin da ake ɗora ɗimbin manhajojin sauti a kansa, ya shigo da hanyar magana da mai karanta allo, sannan a 2024 Ableton Live 12 ya fito da irin wannan tanadi. Sai dai ba kowane kamfani ne ya bi sahu ba, don haka ka'idarka ita ce: kada ka biya kuɗin manhaja sai ka gwada ta da kunnenka.

Ba ka faɗi wane mai karanta allo kake amfani da shi ba. Idan JAWS ne, wanda ke kan Windows tun 1995, ya wadatar. Idan kuma ba ka da lasisinsa, ɗauki NVDA, kyauta ne. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka gina shi, Michael Curran da ya fara a 2006 da James Teh da ya haɗu da shi. Riƙe sunan na biyun, za mu sake haɗuwa da shi.

Manhajar da zan ce ka fara da ita Audacity ce. Kyauta ce, ta fito a 2000 daga hannun Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, kuma a kan Windows tana magana da NVDA da JAWS. Kusan komai a cikinta ana yi da kibod. Dogon maɓallin nan na tazara yana kunna sauti ya tsayar. Yayin da sautin ke tafiya, maɓallan baka biyu masu kusurwa da ke dama da harafin P su ne wuƙarka: na hagu ya sa alamar farkon wurin da kake so, na dama ya sa ta ƙarshe. Kafin ka yanke, danna C ka ji yadda maganar za ta haɗu idan an cire wurin. Idan ka yi kuskure, Ctrl da Z su mayar da kai baya. Wani mai suna David Bailes ya rubuta jagorar amfani da Audacity musamman don masu karanta allo, ka nemi wadda ta dace da fitowar da ka saka. Idan ka sami fitowar da ta zauna maka daidai, ajiye fayil ɗin sakawarta, domin sabuntawa takan sauya wurin abubuwa.

Amma kafin kwamfuta akwai rikoda, kuma a nan ne rabin gyaran yake. Abin da hed ɗin rikoda bai ɗauko daga zaren kaset ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi. Da farko lalubi saman kowane kaset, za ka ji 'yan ƙananan harsuna biyu a gefe da gefe. Ɓalle su, don kada hannu ya kuskure ya danna maɓallin ɗauka ya shafe muryar Malam. Goge hed da rola da auduga da sifirit, ka bari su bushe. Kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma idan bel ɗin rikodar ya saki za ka ji murya tana lilo, tana hawa tana sauka. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, a canza bel.

Sai maganar dushewar da ka ambata. Sau da yawa ba kaset ɗin ne ya mutu ba, hed ɗin rikodarka ne bai tsaya a daidai karkatar da na rikodar Malam ya tsaya ba ranar da aka ɗauka. A gefen hed akwai ɗan ƙaramin noti. Mai gyara ya sa sukudireba yana juya shi a hankali kaset na tafiya, kai kuma kana saurare. Akwai inda za a kai ka ji "s" da "sh" da "ts" sun fito tar kamar an buɗe taga. Nan za ka ce ya tsaya. Manyan masu adana sauti ma da kunne suke daidaita wannan noti, don haka a wannan mataki kai ne malamin, shi ɗan aike.

Haɗa rikodar da kwamfuta ta ƙaramin akwatin sauti na USB, ba ta riƙe makirfo a bakin lasifika ba. Abu biyu za ka kiyaye da mai ido ba ya tunaninsu. Na ɗaya, a saitin NVDA tura muryarsa ta wata hanyar fita daban da wadda kake aiki da ita, don kada ta cuɗanya da karatun. Na biyu, kashe tsarinsa na rage ƙarar sauran sautuka idan yana magana, in ba haka ba za ka riƙa jin murya tana nutsewa ka zaci laifin kaset ne. Game da ƙarfin ɗauka kuwa, mai ido allura yake kallo, kai ga dabararka: ɗauki minti ɗaya daga wurin da Malam ya fi ɗaga murya, zaɓe shi, buɗe Amplify a cikin Audacity. Lambar da za a karanta maka a akwatin farko ita ce tazarar da ta rage kafin sauti ya fashe. Idan ka ji wajen 6, ka yi daidai. Idan ka ji sifili, rage ƙarfi ka sake.

Ajiye ɗaukar farko a matsayin WAV, kada ka taɓa ta. A ma'aunin 48,000 da bit 24, kaset mai minti 90 zai ci kusan gigabait ɗaya da rabi, saboda haka tanadi faifan ajiya na waje, in da hali biyu, ɗaya a wani gidan. A kan kwafi za ka yi gyara. MP3 na rabawa 'yan'uwa a waya ne, a ƙarshe ake yin sa.

Yanzu ga gyaran kansa. Ƙugin nan na ƙasa yawanci na wutar lantarki ne. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙugin yake zama a lamba 50, da 'ya'yansa a 100 da 150. Buɗe Notch Filter, rubuta 50, saurara. Idan da saura, maimaita da 100. Lambobi ne kake rubutawa a akwati, babu abin kallo. Idan janareta aka yi amfani da shi ranar ɗaukar, lambar tana iya gocewa kaɗan, sai ka gwada na kusa da ita har ƙugin ya faɗi.

Shi kuwa "shiii" ɗin, Noise Reduction ne maganinsa, kuma mataki biyu ne. Nemi wurin da Malam ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wataƙila yana juya shafi, ka zaɓe shi, ka danna Get Noise Profile don manhajar ta san abin da za ta farauta. Kada ka ɗauki samfurin daga farkon kaset, domin wannan farin zaren roba ne zalla, ba ya ɗauke da hayaniyar da ke jikin sauran. Daga nan zaɓi duka ka sake buɗe shi. A ciki akwai zaɓin da ake kira Residue, kuma a ganina shi ne babban abokin makaho: yana jiyar da kai abin da za a zubar, ba abin da za a bari ba. Idan a cikin sharar ka ji ɓurɓushin kalmomi, ka san wuƙar ta shiga nama, sai ka sassauta. Wanda ya matsa da yawa zai sami murya kamar ta mai magana a cikin randa. Ragowar 'yar hayaniya ta fi wannan sau goma.

To ina gaskiyar abokinka? Akwai manhajoji irin su iZotope RX da ke shimfiɗa sauti kamar hoto mai launi, mutum ya ga kukan jaki ko ƙarar babur a matsayin tabo a tsakiyar magana, ya zagaye shi da maus ya goge. Wannan zagayewar aikin ido ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma a kaset 80 na karatun zaure, wuraren da ke buƙatar haka ba su da yawa. Sa musu alama a Audacity da Ctrl da M yayin da kake saurare, ka tara su, ranar da ka sami mai ido ya zauna kusa da kai ya zana, kai ka yanke hukunci ko ya yi.

Idan hannunka ya faɗa, ka matsa zuwa REAPER. Kamfanin Cockos na Justin Frankel ne ke yin sa, ana gwada shi kwana 60, lasisin mai amfanin kansa kuma dala 60 ne. Abin da ya buɗe shi ga makafi wani ƙari ne na kyauta mai suna OSARA, wanda James Teh ɗin nan na NVDA ya ƙirƙira. Da shi REAPER yake faɗa maka inda kake, da abin da ka zaɓa, har ya yi maka gargaɗi idan sauti ya haura iyakar da ka sa. Mafi amfani kuma, yana jero maka saitunan ƙananan manhajojin gyara da ake maƙalawa a matsayin suna da lamba, ko da fuskarsu zane ce da ba ta magana. Ta wannan ƙofar bayan makafi da yawa suke sarrafa kayan da ba a yi domin su ba. Gargaɗi ɗaya: wasu saitunan sauti suna ƙwace na'urar sautin kwamfuta gaba ɗaya, mai karanta allo ya yi shiru ya bar ka a tsakiyar hanya. Wannan ma wani dalili ne na raba hanyar muryarsa da ta aikinka. Akwai kuma GoldWave daga Kanada, wanda makafi suka daɗe suna yabawa, idan Audacity ba ta kwanta maka ba.

Ita kuma waccan manhaja da ta yi maka shiru, kada ka goge ta ka yi gum. Rubuta wa masu ita, ka faɗa musu mai karanta allon da kake amfani da shi, da tagar da ka buɗe, da abin da ka ji. Gyare-gyaren da aka samu a wannan fanni, makafi ne suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, wasu kuma suka zauna suka rubuta da hannunsu.

Shawarata ta ƙarshe a kan abin da ba za ka cire ba ce. Idan ka iya yankan sauti, zuciya za ta riƙa raya maka ka share komai: gyaran muryar Malam, tarin wani dattijo, sallamar wanda ya makara, kiran Isha'i da ke shigowa daga nesa ya rufe darasi. Bar su. Jikokinsa da ba su riske shi ba, da waɗannan za su san yadda zauren yake. Kaset kuma ba ya jira, zafi da laima suna cin sa kowace shekara, don haka fara kwashewa yanzu, gyara ya biyo baya. Ɗauki wanda ka fi samun sauƙin rabuwa da shi ka koyi hannu a kansa. Idan ka gama na farko, kai wa mahaifiyarka ko wani tsohon ɗalibinsa ya saurara. In suka ce wannan muryar Malam ce, aikinka ya yi, sai ka ɗauko na biyu. Allah ya yi maka jagora.